Miliyan 11 ce a hannuna, ina son mota mai daɗin tuƙi da za ta ɗauki mutum huɗu

Abban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kan motar da zan saya, kuma a faɗa min gaskiya ko ba za ta yi min daɗi ba. Naira miliyan 11 na tara, ba ni da inda zan ƙaro. Corolla 2006 nake hawa, ta yi min komai, amma raina ya daɗe yana son motar da in na taka ta zan ji ta amsa, in na shiga kwana ta bi hannuna. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sauka daga kansa ba: dole ta ɗauki mutum huɗu, ni da maiɗakina da yara biyu, babban shekararsa 8, ƙaramar 4. Mota ɗaya zan riƙe, Corollar ƙanena zan bar wa. A Kaduna nake aiki, kuma muna yawan zuwa Kano gaida iyaye.
Waɗanda na sa wa ido su ne Mazda RX-8, Scion FR-S, Infiniti G37 mai ƙofa biyu, sai BMW 335i. Wacce za ku ce in bi?

Sadik Zariya:
Wa alaikumus salam Yaya. RX-8 kawai, kada ka wahalar da kanka. A cikin huɗun nan ita kaɗai aka ƙera tun daga tushe don ta zama motar gudu mai kujera huɗu na gaskiya. Tana da ƙananan ƙofofin baya masu buɗewa ta baya, babu ginshiƙi tsakaninsu da na gaba, in ka buɗe duka biyun gefen motar gaba ɗaya a buɗe yake. Yaro zai shiga ba sai an kwantar da kujerar gaba ba. Ga injin da ke kaiwa juyi 9,000 a mai giyar hannu, kukansa kaɗai ya isa. Kuma ita ce mafi araha a jerin naka, za ka samu canji mai kauri.

Malam Habu Bakanike:
Sadik, ka faɗi alherinta, saura ka faɗi dalilin arahar.
Abban Hanif, injin RX-8 ba irin wanda muka saba buɗewa ba ne. Babu fistin a ciki. Wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku suke juyawa a cikin gidansu, a bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe da ke shafar bango yana riƙe matsin iska. In waɗannan suka cinye, injin ya rasa matsi, motar za ta tashi da safe amma in ta yi zafi ka kashe ta a gidan mai sai ta ƙi tashi. Kuma da gangan aka yi shi yana shan baƙin mai, akwai famfon da ke ɗiga shi cikin ɗakin wuta. Mai ita dole ya riƙa zare sandar awo yana dubawa kullum, galan a but. In ka tashe ta da sanyi ka matsar da ita ka kashe nan take, fetur yana iya cika ta ta ƙi tashi. Ko awon matsin nata da na'ura ta daban ake yi, mai ba da lamba uku a kowane ɓangare. Ka tambayi kanka, a Kaduna wa yake da wannan na'urar, wa kuma zai buɗe maka injin ya mayar daidai? Mazda ta daina ƙera ta tun 2012, ita ce motarsu ta ƙarshe da irin wannan injin yake juya taya. Wanda yake da mota biyu da gareji a gida ya saya, zai more. Mai mota ɗaya da iyali, ban ba shi shawara ba.

Sadik Zariya:
Malam, ai akwai masu cire injin su saka na Toyota.

Malam Habu Bakanike:
Akwai. To me ya rage na RX-8 ɗin? Daɗinta a ƙanƙantar injin yake da yadda ya zauna can baya kusa da direba, nauyin gaba da na baya suka yi daidai. Ka saka mata wani ƙarfe mai nauyi a hanci, ka haɗa wayoyi da dabara, fitilun dashbod duk a kunne. Ka sayi gangar jiki ke nan.

Injiniya Bala:
In ƙara a kan na Malam, shan fetur. Ana ce mata lita 1.3 sai mutum ya ɗauka ƙaramin ciki gare ta. A cikin gari da wuya lita ɗaya ta kai ka fiye da kilomita 7. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya zama na farko, ba na ƙarshe ba.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo ta ɓangaren kujerun baya, don na ga maganar tana neman komawa inji zalla. Abban Hanif, ka taɓa zama a bayan FR-S? Ni na shiga ta ɗan yayata. In direba mai tsayi ne ya gyara kujerarsa yadda zai ji daɗi, bayan kujerar kusan yana taɓa bakin ta baya, babu inda za a sa ƙafa. Ɗan shekara 4 zai zauna, ɗan shekara 8 zai yi haƙuri zuwa kasuwa, amma Kaduna zuwa Kano ba zai yiwu ba. Kuma yaran nan girma suke yi, motar ba ta girma. Bayan shekara uku babban ya kai kafaɗar mahaifiyarsa.
Sannan duk mota mai ƙofa biyu, maiɗakinka ce za ta sha wahalarta. Duk tsayawa sai ta fito, ta kwantar da kujera, ta sunkuya ta ɗaura wa ƙaramar bel, ta gyara lulluɓinta ta koma. Ƙofofin kuma dogaye ne, in an matse ka a wajen ajiye motoci na masallacin Juma'a ko asibiti ba su buɗuwa sosai. Ka kai ta ta gwada kafin ka biya ko sisi.

Abban Hanif:
Gaskiya ban taɓa shiga bayanta ba Hajiya, a bidiyo nake ganinta. Amma duk wanda ya tuƙa ta yana cewa babu kamarta a kwana.

Injiniya Bala:
Ba ƙarya suka yi ba. FR-S da Toyota 86 da Subaru BRZ mota ɗaya ce, Subaru ce take haɗa su a Japan tun 2012, sunan Scion na kasuwar Amurka ne kafin Toyota ta rufe shi a 2016. Ƙarfin doki 200 kacal, amma nauyinta bai fi kilo 1,250 da ɗan wani abu ba, jan baya ce, wato tayoyin baya ke tura ta, injin kuma a kwance yake can ƙasa. Ba ta da gudun tashin hankali a miƙaƙƙen titi, Camry mai V6 za ta wuce ta. Daɗinta a sitiyari yake. Sai dai abu biyu: matsin injinta 12.5 ne, an yi ta don fetur mai daraja ta sama, mu kuma abin da famfo ya ba mu shi muke sha. Na biyu ƙasa take sosai, duk tudun rage gudu na unguwa sai ka hau shi a karkace. Kuma ban ga yadda miliyan 11 za ta kawo maka mai lafiya ba a yadda dala take. In ka ga mai wannan kuɗin, ka tambayi abin da ya same ta a can.

Ɗan Auta:
BMW fa? Ku daina tsorata mutum. 335i ƙarfin doki 300, turbo biyu, in ka taka ta bayanka sai ya manne da kujera. Mai ƙofa biyun ma bayanta kujeru biyu ne masu kyau, ta fi G37 wurin kai. Wanda ya tuƙa Bajamushiya ba ya komawa.

Malam Habu Bakanike:
Ɗan Auta, a tuƙi ban musa maka ba. Amma bari in jero masa abin da zai tarar. Ta 2007 zuwa 2010 injin N54 gare ta. Famfon fetur mai matsi na wannan injin ya yi suna wajen mutuwa, har kamfanin ya yi kiranye a Amurka a 2010. Ga nozul shida masu tsada, ga turbo biyu da suka tsufa. Famfon ruwanta na lantarki ne, ba ya yin kuka ya gargaɗe ka kamar na bel, rana ɗaya yake tsayawa. Ko batir ka canja sai an sa kwamfuta an sanar da motar. Babu safaya taya a but, da tayoyin da ke tafiya ba iska aka sayar da ita, yawancin waɗanda ke nan kuma an canja musu na gama-gari. Ka yi tunanin faci tsakanin Zariya da Kwanar Dangora da yara a baya.
In dai BMW ɗin yake so, 328i ta fi masa. Silinda shida a jere, babu turbo, doki 230, sitiyari iri ɗaya. Ita ma tana da famfon lantarkin, kuma tana yoyon baƙin mai ta gasket in ta kwana biyu, amma wannan abu ne da ake iya ɗauka.

Ɗan Auta:
Duk abin da ka lissafa gyara ne na lokaci ɗaya Malam. In an yi an wuce wajen.

Malam Habu Bakanike:
Da wane kuɗin za a yi? Ya ce miliyan 11 ce duka abin da ya mallaka. In ya zuba ta gaba ɗaya a saye, ranar da famfon ya tsaya motar za ta kwanta a ƙofar gida, Corollar kuma ta tafi.
Kuma ba motar kaɗai nake ji ba, hannun da ta bi nake ji. Kwanaki aka jawo min wata irinta, mai ita yana cewa zafi take yi. Na buɗe bonet, wani ya riga ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye da batir tana ta juyawa tun daga kunna makulli, tankin ruwa kuma ruwan leda ne a ciki ya yi jajawur da tsatsa. Corolla za ta jure wannan shekara da shekaru. Waɗannan ba sa jurewa. Duk ta hannu da za ka duba, ka fara da nan.

Alhaji Ɗanladi:
Yara, ku bar ni in tuna muku wata da kuka manta. Peugeot 406 mai ƙofa biyu. Pininfarina na Italiya ne suka zana ta kuma su suka haɗa ta, daga 1997 zuwa 2004. Har yau in ta wuce sai an waiga. Kujerun bayanta babba yana zama sosai, but ɗinta kuma ya ɗauki kayan tafiya. Ƙasanta na 406 ne da aka haɗa mana a nan Kaduna, duk bakaniken Peugeot ya san ƙafarta. Akwai mai V6 lita 3. Ba za ta ci rabin kuɗinka ba.

Injiniya Bala:
Allah ya ƙara girma Alhaji, kyakkyawa ce ba shakka. Matsalar jikinta ne. Ƙafa da inji za a samu, amma fitila, bamba, gilashin ƙofa, duk nata daban ne da na mai ƙofa huɗu. Ɗan acaɓa ya fasa maka fitilar baya sai ka yi wata kana cigiya daga Panteka har Ladipo. Kuma mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 20.

Alhaji Ɗanladi:
Wannan gaskiya ne. Na faɗe ta ne don kada a ce daɗin mota sai doki 300.

Abban Hanif:
To jama'a, an kashe RX-8, an kashe FR-S, BMW an ce sai da ajiya. Saura G37. Ita ma akwai magana?

Injiniya Bala:
Ita ce na fi so a jerinka, amma ba mai ƙofa biyun ba. G37 'yar'uwar Nissan 370Z ce, inji ɗaya, V6 lita 3.7, jan baya. Mai ƙofa biyu doki 330, mai ƙofa huɗu 328. Bambancin doki biyu ne, babu mai jin sa a ƙafa. Tazarar tayar gaba da ta baya ma ɗaya ce, milimita 2,850. Abin da ka rasa a mai ƙofa huɗu siffa ce kawai, abin da ka samu kuwa rufin da bai danne kan na baya ba, ƙofar da yaro zai buɗe da kansa, da but na gaske. Ta 2009 zuwa sama giya bakwai ce a otomatik. In kuɗin bai kai ba, G35 ta 2007 ko 2008 mai ƙofa huɗu jiki ɗaya ne, doki 306.
Abin dubawa a injin: akwai wasu gasket na takarda a bayan murfin sarƙar taimin da ke fashewa a na shekarun farko, matsin baƙin mai ya faɗi ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. A ɗaura agogon awo a gani bayan ta yi zafi. Kuma tana shan mai, kada in ɓoye maka. Wanda ya fito daga Corolla zai ji a jikinsa watan farko.

Sadik Zariya:
Amma Injiniya, in ta zama mai ƙofa huɗu ai ta tashi daga motar gudu, ta koma motar zuwa ofis. Yaya ya ce abin da ransa yake so ke nan. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, a ƙarshe a ce ya sayi abin da ya yi kama da na kowa?

Maman Ilham:
Sadik, shi ya ce yana son motar da za ta amsa in ya taka, ta bi hannunsa a kwana. Bai ce yana son a kalle shi ba. In kallon ne ya faɗa, ba laifi ba ne, amma a raba su.

Abban Hanif:
Gaskiya akwai son siffar a raina Hajiya, ba zan musa ba. Amma in aka ce in zaɓi ɗaya, tuƙin na zaɓa.

Usman Abuja:
Tunda an buɗe ƙofa huɗu, Lexus IS350 ta shigo. Doki 306, jan baya, kuma Toyota ce a ciki, kayan Camry da ES350 duk za su hau.

Malam Habu Bakanike:
Ba duka ba Usman, kada ya je Ƙofar Ruwa da wannan zaton. Injinansu gida ɗaya ne, wanda ake kira 2GR, amma na Camry a gicciye yake kwance yana jan gaba, na IS350 a tsaye yake yana jan baya, kuma nozul ɗinsa kashi biyu ne, shida a bututun iska shida a cikin silinda. Ba za ka ɗauko injin Camry ka dasa ba. Amma mota ce mai ƙwari, wannan na yarda. Kuma nozul biyun nan su ne suka fifita ta a kan IS250 da ta cika gari. IS250 cikin silinda kaɗai take fesawa, fetur ba ya wanke bayan bawul, sai baƙin gawayi ya taru, ta fara rawa in tana tsaye. Dokinta kuma 204 ne a jiki mai nauyi. Dillali zai ce maka duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne.

Maman Ilham:
IS ɗin nan bayanta a matse yake fa. Ƙofa huɗu ce amma wurin ƙafa kaɗan ne, ga tudun farfela a tsakiya.

Injiniya Bala:
Haka ne, tazarar tayoyinta 2,730, G37 ta fi ta da santimita 12. Ga yara yanzu ta isa, in za a ɗauki su Baba a Kano kuwa G ta fi. A gefe guda Lexus ta fi saurin sayuwa ranar da za ka rabu da ita, kuma masu gyaranta sun fi yawa. Shi ya sa ma ta fi tsada a saye. A duba dashbod da jikin ƙofofi, na shekarun farko suna yin danƙo a zafin rana.

Ɗan Auta:
Babu wanda ya ambaci Accord V6 mai ƙofa biyu ta 2008 zuwa 2012. Bayanta ya fi na duk waɗannan faɗi, kaya kuma ko'ina.

Injiniya Bala:
Tana da gudu, kusan doki 270, kuma ita ce mafi sauƙin riƙo. Amma jan gaba ce. In ka taka ta da ƙarfi a kwana hancinta waje yake nema, sitiyari yana fizga. Wanda yake neman abin da Abban Hanif ya kwatanta zai ji bambancin. In ya samu mai giyar hannu shida dai, ya tsaya ya duba ta da kyau, don ba ta da tsarin kashe silinda da ke cikin otomatik ɗin.

Alhaji Ɗanladi:
Ɗana, kalma ɗaya ba ta inji ba. Daga Corolla za ka koma jan baya mai doki sama da 300. In aka yi ruwan farko titi ya yi santsi, ka taka ta a shataletale, bayanta zai juyo kafin ka ankara. Kada ka taɓa kashe maɓallin da ke hana ta zamewa, kuma kada ka ba samari aronta ranar ɗaurin aure. Mun binne yara saboda wasan mota a biki. Taya huɗu sababbi masu kyau, ba 'yan Beljiyam ba, ka sa su cikin lissafi tun yanzu.

Abban Hanif:
Na ji Baba, in sha Allahu zan kiyaye. To yaya zan raba kuɗin?

Malam Habu Bakanike:
Ni dai da ni ne, ba zan wuce miliyan 9 a saye ba, in riƙe 2. Daga ciki taya, baƙin mai na roba da tacensa, man giya, fulogi, ruwan lagireto na gaske, birki, da canjin takardu. Abin da ya rage ya kwanta a asusu don ranar da ba a so. In miliyan 9 ba ta kawo G37 ba, ka sauka zuwa G35, ko ka karɓi ta hannu mai tarihi a wajen wanda ka sani. Ta hannu da mai ita ya riƙe da kyau ta fi Beljiyam ɗin da ba ka san abin da ya kawo ta gwanjo ba.

Usman Abuja:
A nan ne nake so ka buɗe ido. Da yawan irin waɗannan motocin daga gwanjon inshora na Amurka suke zuwa, wasu haɗari, wasu ambaliya. Ni an taɓa nuna min wata tana ƙyalli, ƙamshi ko'ina. Na ja bel ɗin kujerar baya har ƙarshensa, sai ga layin laka ya bushe a jiki. Na ɗaga kafet ta gefen direba, soson ƙasa da danshi, ƙusoshin kujera sun yi tsatsa. Dillalin ya ce wanki ne. Ka ɗauki lambar VIN mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka saka ta a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon suna fitowa. Ka kunna makulli ka tabbata fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu da kanta, don akwai masu cire ƙwan. Takardar kwastan kuma a tantance ta kafin kuɗi ya fita. In ka ga mai sitiyari a dama da aka juya, ka wuce, komai arahar.

Sadik Zariya:
Ni har yanzu ina ganin in ya sayi mai ƙofa huɗu, duk ranar da mai ƙofa biyu ta wuce shi sai ya bi ta da kallo.

Abban Hanif:
Wataƙila haka ne Sadik. Ga abin da zan yi. Ranar Asabar akwai G37 biyu da zan gani, ɗaya mai ƙofa biyu ɗaya mai huɗu, da IS350 ɗaya ta hannu. Zan tafi da maiɗakina da yaran, kowa ya zauna a inda zai riƙa zama. Malam Habu, in na turo maka bidiyon injin za ka iya saurara min?

Malam Habu Bakanike:
Turo, amma ka ce musu kada su tashe ta kafin ka iso. Ka sa hannu a kan injin ka ji da sanyinsa, sannan a kunna kana ɗauka, daƙiƙun farko nake son ji. Bayan kun zaga ta yi zafi ka sake ɗaukar wani tana tsaye da esi a kunne. Kuma ka tafi da mai kwamfuta naka, ba na mai motar ba.